Lallen da ya jawo wa Yayana zagi

Ko me zan manta na zamanmu a Kuala Lumpur, ba zan manta da ranar da Abba ya ajiye wayarsa a tsakiyar ledar cin abinci ya ce kada wanda ya tashi ba.

Lokacin korona ne, an kulle gari. Muna zaune a wani ɗan gida a saman bene a unguwar Brickfields, ni da Umma da Abba da Yayana. Karatu ne ya kawo Abba, Yaya yana kwaleji, ni kuma ina sakandare, ajin namu ya koma cikin waya. Ni ba mai magana ba ce. Ko malama ta kira sunana sai gabana ya faɗi. Abin da na iya shi ne zane, sai kuma zama a taga ina kallon jirgin ƙasa mai bin gada a saman titi yana wucewa babu kowa a ciki.

Yaya yana buga wani gem na yaƙi a waya tare da abokansa, 'yan Najeriya da 'yan asalin ƙasar. Sai kamfanin gem ɗin ya sa gasa: a zana wa jarumarsu sabbin kaya, wanda ya fi ƙuri'a a saka nasa a ciki. A tallar an nuna ta kusan tsirara, an ce a zana abin da zai ruɗa samari, wai duk namijin da bai ruɗe ba ya binciki kansa. Tun a ranar rigima ta kaure. Mata suka ce raini ne, wasu suka ce wannan habaicin na ƙarshe tunzura mutane ne a kan waɗanda dama ake tsangwama, wasu kuma suka ce wasa ne, a daina ƙorafi.

"Auta, wannan da kayan nan ko sauro ba za ta iya yaƙa ba," in ji Yaya. "Zana mata na kirki mana. Shekarunki ba su kai ba, sai mu tura da sunana. Boleh? Kin yarda?"

Na zana mata sulke da dogon wando, da mayafi mai launin wani yadi da na taɓa gani a shagunan titin Jalan Masjid India. A ƙarshe na yi mata lalle: ja a kan yatsu, baƙi a bayan hannu, da ɗan ganye mai lanƙwasa a gindin babban yatsa, irin wanda nake yi wa Umma.

Lallen nan shi ya jawo komai. 'Yan ƙasa ba su ga wani abu ba, ƙuri'a ma suka yi ta ba mu. Wani Bahaushe abokin Yaya ne ya buɗe hoton hannun ya rubuta, "Malam, wannan ba a kallo aka koya ba. A gidan biki kake kwana?" Wani ya ce ɗan daudu. Aka fassara wa sauran. Kafin a jima sun liƙa wa hoton Yaya gyale, abin ya fita daga gem ya shiga guruf ɗin Hausawan gari. Na ce zan faɗa musu ni ce, Yaya ya ce in na kuskura ba ni ba shi.

Ranar muna cin abincin rana wani Alhaji, babba a cikin mutanenmu, wanda ɗansa ne ya haɗa hoton gyalen, ya kira Abba. Da ya dawo daga ɗaki fuskarsa ta sauya.

"Kai ka zana wannan?"

"Sunana ne a kai, Abba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Mutane sun ce 'ya'yansu su daina hulɗa da kai. Ka faɗa mini abin da nake riƙe da shi a gidana. In gaskiya ne, ranar da aka buɗe filin jirgi ka bar karatun nan ka koma Kano."

Yaya yana ta murza cokali da babban yatsa. Fanka tana ta ƙara. Sai na lura Umma ta zaro hannunta daga cikin hijabi ta ɗora a kan leda, kusa da wayar. Lallen Sallah bai gama gogewa ba, ganyen yana nan. Ni kawai take kallo.

"Ni ce, Abba." Da ƙyar na ji muryata.

Abba ya dubi wayar, ya dubi hannun Umma, ya sake duban wayar.

"To kai me ya hana ka faɗa?"

"Abba, ka duba abin da suke tura wa matan da suka shiga gasar. Ba zan iya karanta maka ba. Gara ni. Akwai wani yaro ɗan garin nan da ya sa furanni a nasa zanen, suka bi shi da irin zagin nan har ya goge shafinsa. Ban san halinsa ba, ban kuma tambaya ba. Amma ba a yi wa ɗan Adam haka."

Abba ya ɗauki wayar ya kira Alhajin a gabanmu. "Alhaji, 'yata ce ta yi zanen. Amma ba shi ya sa na kira ba. Ɗanka ya liƙa wa ɗana gyale, irin wanda mahaifiyarsa take yafawa. Don Allah ka tambayar mini shi, mene ne abin zagi a ciki?" Da ya kashe, ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Ka yafe mini." Ban taɓa jin ya faɗa wa ɗayanmu haka ba.

Da yamma na yi wa kaina lallen, Yaya ya ɗauki hoton hannuna riƙe da fensir a kan zanen, babu fuska. Abba da kansa ya ce a saka. Waɗanda suka zagi Yaya ba su ba shi haƙuri ba, sai suka juyo kaina, wai ashe mace ce, ta koma kicin. Yaya ya karanta mini guda ɗaya ya ce, "Ba su ma san ba ki iya ko dafa ruwa ba." Na yi dariya. Ba mu ci gasar ba. Daga baya kamfanin ya cire tallar ba tare da ya ce uffan ba.

Sai da na girma na gane abin da Abba ya gani a gyalen nan. Duk zagin da aka yi wa Yaya, da kayana aka yi shi: lallena, mayafina, hannuna. Wanda ya rasa abin da zai wulaƙanta namiji da shi sai ya kamanta shi da mace, ya riga ya faɗi matsayin mace a wurinsa. Tun daga ranar, in na ji ana yi wa wani irin wannan zagin, ba na tsayawa binciken ko gaskiya ne. Na san har da ni ake, kuma ba na yin shiru.