Makonni Goma Sha Ɗaya na Lorraine Vella

Kafin in faɗi abin da ya kawo ni, ga tambaya. Mene ne abin nan ɗan mitsitsi, bai cika tafin hannu ba, an rataye shi a ɗakin girki, amma wadda ya kulle tana can wani ɗaki daban? Ku riƙe amsarku tukuna. Wadda nake yi wa wannan rubutu ta san amsar, ta kuma tafi ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, da hantsi, Allah Ya yi wa Lorraine Vella rasuwa a nan Port Pirie, tana da shekara hamsin da tara. Zuciya ce ta tsaya. A kan kujerar ofishinta aka same ta, tabarau a goshi, shayinta bai gama hucewa ba. Yau ni Dulcie Hannaford, da na ba ta shekara ashirin cur, ni ce nake rubuta mata ta'aziyya, da rubutun nan nawa da malamarmu ta aji shida ta ce kamar kaza ta bi ta kan takarda. Lorraine, kin yi mini rashin kunya. Ni ce a gaba a layi, kika tsallake ni.

Shekara goma sha huɗu kina riƙe da gidan nan mai jan rufi, inda mutum huɗu masu buƙata ta musamman suke zaune. Ɗaya daga cikinsu jikata ce, Tegan. Da lalurarta aka haife ta: cikinta ba ya gaya mata ta ƙoshi, in aka bar ta da abinci sai ta ci har ta kwanta a asibiti. Ni na raine ta har gwiwoyina suka ce sun gaji, ke kika karɓe ta. Tsakanin gidana da naku layi biyu ne, da sandata nake zuwa. In da za a rufe gidan nan, sai birnin Adelaide za a kai ta, tafiyar awa uku a bas, ni kuwa rabona da hawa matakalar bas har na manta.

Ba zan manta da ranakun Alhamis ba. Ki loda su a farar motar nan, ni ma ki cusa ni a baya kamar buhu, mu tafi doguwar gadar katakon da ta shiga teku, kamun ƙaguwa. Tegan ce mai riƙe bokiti, ba ta yarda kowa ya taɓa mata shi. Wata rana kika ga na ja da baya, kika ce, "Tsohuwa, ke kike tsoron ƙaguwar ko ita take tsoronki?" Na ce ai 'yar uwata ce, dukkanmu a karkace muke tafiya. Kika yi dariya har hularki ta faɗa ruwa.

Amma gida irin wannan ba ya tsayuwa sai da rajistar hukuma, rajista kuwa sai masu bincike sun zo sun duba. Tsohon ɗakin wanki kika mayar ofis, ba taga, fayil har rufi. Takardar magani, takardar wanda ya yi tuntuɓe, takardar zafin ruwan wanka, da takardar da ke shaida ma'aikata sun karanta sauran takardun. Nakan leƙo in tambaye ki ko kin cike ta numfashin da kika yi da safe.

Ƙarshen watan Mayu aka turo mai bincike, Misis Tranter, ta yi kwana biyu. Kada wanda ya zage ta, mace ce mai ladabi, har kek ɗina na kwakwa ta ci yanka biyu. A rana ta biyu ta shiga ɗakin girki, ta tsaya a gaban kabad ɗin biskit, ta ga an kulle shi. Ta yi mana bayani a tsanake cewa an taɓa samun gidajen da ake kulle wa irin waɗannan bayin Allah abinci da ƙofofi don mugunta, shi ya sa doka ta ce duk abin da zai tauye su, komai ƙanƙantarsa, sai ƙwararre ya rubuta dalili, an kuma ba da izini. Ta nemi takardar izini, babu. Ta tambayi wanda ya kulle.

Ina zaune a teburin, kofi a hannuna. Ko kallona ba ki yi ba. Kika ce wa Misis Tranter, "Gidana ne. Duk abin da ke jikin ƙofofinsa, ki rubuta shi da sunana."

Ta rubuta shi a matsayin babban saɓa ƙa'ida, ta ba ki wata uku ki gyara, in ba haka ba rajista ta faɗi.

Daga ranar ɗakin wankin nan ya haɗiye ki. Ƙwararren da zai duba Tegan sau ɗaya yake zuwa garinmu a mako shida. Bayan shi sai kwamitin da zai amince, sai horar da ma'aikata, sai rahoto a kan horarwar. Kabad kuwa dole ya zauna a buɗe har izini ya fito, don haka biskit da sukari suka koma but ɗin motarki, kina fita ɗebo su cokali-cokali kamar mai fasa-ƙwauri. Alhamis ta daina zuwa. Tegan takan tsaya a ƙofar ofis da bokitinta ta ce, "Lorraine, yau Alhamis." Ki ce, "Na sani, 'yar lele, mako mai zuwa." Sau biyu kika ɗaga ranar ganin likita saboda ciwon ƙirjin da kika ce iska ce kawai. Na yi faɗa, kika ce in takarda ta fito za ki je, har ma ki kai ni a duba mini baki, ko za a samu maganin surutu.

Sau ɗaya na shigo miki da wata magana da ta tsaya mini a wuya. Ban kai ga buɗe baki ba kika ɗaga hannu. "Koma ki sha shayinki, tsohuwa. In sunanki ya shiga rahoto, sai an buɗe miki naki fayil ɗin, ni kuma ba ni da sauran wuri a kanta." Na fita na ja miki ƙofa. Da ma ban ja ba.

Ranar Litinin muka kai ki coci, muka kai ki makwanci. Juma'ar da ta biyo baya wasiƙar hukuma ta iso. Rajista ta tsaya, gida ba zai rufu ba, Tegan tana nan layi biyu da ni. Izinin kuma da kika yi ta jira, kin san abin da ya ce? Ya ce a kulle kabad ɗin, saboda lafiyar Tegan. 'Yarki Josette, da ta karɓi ragamar gidan, ta kulle shi da hannunta tana kuka tana dariya. Jiya Alhamis ta kai su gada. Tegan ta ce a bar kujerar gaba babu kowa.

Allah Ya jiƙanki, Lorraine, Ya gafarta miki, Ya saka miki da alherin da kika yi wa 'ya'yan mutane. Allah Ya ba ki masauki mai faɗi, mai tagogi ta kowane gefe. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Reno, da Josette, da ma'aikatanki, da mutanenki huɗu da har yanzu suke juyawa in sun ji ƙarar mota a ƙofa. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Saura amsar tambayata. Misis Tranter, in wannan ya iso gare ki, takarda dai ta riga ta fito. Kwaɗo ne, ba na tafki ba, ɗan ƙarami ruwan ɗorawa. Ni na sayo shi a shagon kayan gini, ni na maƙala shi a kabad ɗin biskit wata Lahadi da Lorraine ba ta nan, bayan na kama Tegan da fakiti na uku. Ya kulle Lorraine Vella a ɗakin wanki makonni goma sha ɗaya. Wanda Josette ta maƙala sabo ne; nawa yana cikin aljihun rigar sanyina, da makullinsa.