Injin ruwan da ya ƙi tashi a Badar

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da kama aiki a Madina ba, aka saka ni cikin wata tawaga ta mata injiniyoyi da malaman kimiyya da ke zagaya makarantun 'yan mata na yankin. Aikinmu shi ne mu loda kaya a mota, mu je inda aka gayyace mu, mu nuna wa ɗalibai da iyayensu mata cewa kimiyya ba a cikin littafi kaɗai take ba. Wani lokaci har matan da ke sana'ar dabino sukan zo da tambayoyinsu. Ni wutar lantarki na karanta, saboda haka nawa kason shi ne farantin sola da ɗan injin ruwa. A ajiye farantin a rana, a ja waya, injin ya tashi, ruwa ya bi siririn bututu yana ɗiga a gindin ƙaramin dabino da muka dasa a bokiti. Abu ne mai sauƙi, amma da ruwan ya fara ɗiga sai ka ga yara sun yi tsit, wasu har da leƙa ƙarƙashin tebur ko akwai wanda ya ɓuya.

A wannan shekarar ce mahaifiyata ta zo Umara tare da ƙanwata, suka sauka wurina a unguwar Ƙurban.

Sai na yi muku bayanin yadda muke da ita, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya hana ni sukuni ba. Ni ce 'yar fari. A gidanmu kunyar ɗan fari ba ta wasa ba ce. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In ta kama dole, sai ta ce “waccan” ko “mutanen Madina”. Ba ta yaba ni a gaban mutane, ba ta haɗa ido da ni, in za ta ba ni abu sai ta miƙa wa ƙanwata ta miƙo mini, ko da kuwa ni ce na fi kusa. In aka tambaye ta aikin da nake yi, cewa take, “Oho, an ce dai wani abu ne na wuta.” Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce. Amma sani daban, abin da zuciya ke so daban. Ina da digirina, ina da aurena, amma abin da nake so a duniya shi ne matar nan ta zauna sau ɗaya ta ga abin da nake yi.

Sai kuwa aka sa mana ranar fita zuwa wata makarantar 'yan mata a Badar, ana saura 'yan kwanaki su koma gida. Daga nan na kasa zaune na kasa tsaye. Ni da ma ba mai haƙuri ba ce, kakata takan ce ina yawo a ɗaki kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Na shiga kicin na fito, na goge farantin da ba ƙura a kansa, na kwance wayoyi na sake naɗe su. Ba zan iya tunkarar mahaifiyata kai tsaye in gayyace ta ba, don haka na bi ta hannun ƙanwata.

Amsar ta dawo mini ina tsaye a bakin ƙofa, don a gabana ta bayar, tana kallon carbinta.

“Ki ce musu ni salla na zo yi, ban zo kallo ba.”

Kuma tana da hujja. Tun ranar da ta sauka ta ƙudura yin salla arba'in a jere a masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kamar yadda tsofaffinmu suke so, kuma ta yi nisa. Badar ba nan kusa ba ce. Duk wanda ya tafi da safe ba zai riski azahar a Harami ba, kuma kwanakin da suka rage mata ba za su isa ta sake daga farko ba. Na ce shi ke nan, na haƙura. Ƙarya nake, ban haƙura ba, har mijina sai da ya tambaye ni ko lafiya nake wanke kofi ɗaya sau uku.

Ranar tafiya na sauko da kayana da sassafe, na buɗe mota ina lodi, sai ga mahaifiyata da ƙanwata sun sauko. Umma ta buɗe ƙofar baya ta shiga ta zauna, ta gyara hijabinta, ta ce wa ƙanwata, “Tun da motar can ta nufa, bari in je in ziyarci shahidan Badar. Ba kullum ake samu ba.”

Ban yi godiya ba, don na san in na yi za ta sauka. Na kama sitiyari muka ɗau hanya. Duk tsawon hanyar nan, tsakanin baƙaƙen duwatsu, ina leƙen ta ta madubi, ita kuma tana kallon taga tana jan carbi. A raina na riga na tsara komai: zan ajiye ta a layin baya, kusa da ƙofa, inda ba wanda zai kula da ita, ta ga komai ba tare da an gan ta tana gani ba.

Abin da na manta shi ne mutanen nan nasu tsarin ba irin namu ba ne. A wurinsu babbar girmamawa ga uwa ita ce a kira ta da sunan ɗanta na fari, a ce Ummu wane, a fito da ita gaba a yi mata kirari da shi. Abokiyar aikina, wata 'yar Madina mai kirki da yawan surutu, tana jin cewa mahaifiyata ce ta zo daga Nijeriya sai ta garzaya ta raɗa wa mudira, wato shugabar makarantar. Ni ina can ina ta fama da waya. Zauren ba rana a cikinsa, don haka na ajiye farantin a tsakar makaranta, gindin taga, na zuro wayar ciki zuwa kan tebur.

Zaure ya cika da ɗalibai da iyaye. Mudira ta ɗauki lasifika ta yi maraba da kowa, sannan na ji ta ce yau akwai babbar baƙuwa, uwar da ta haifi injiniya. Ta kira Umma da sunana, ɓaro-ɓaro, har sau biyu, sunan da ita ba ta taɓa furtawa ba ya cika zauren. “Tafaddali ya ummi, zo gaba ki faɗa mana yadda kika rene ta.” Aka ɗau tafi, kowa ya juya baya.

Umma ba ta jin Larabci, amma ta ji sunan, ta kuma ga idanu. Ƙanwata ta fassara mata a kunne. Na ga ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta miƙe, ta nufi ƙofa, ta fice. Tafin ya mutu a hankali. Mudira ta tsaya riƙe da lasifika tana kallo na, abokiyar aikina ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, “Ya habibti, fushi take da ke?”

Ta ina zan fara? In ce a garinmu haka uwa take nuna so, ta hanyar guduwa? Na ce mata zafi ne ya dame ta. Amma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Haushin abokiyar aikina nake ji, da na mudira, da na al'adar, da na kaina da na kwaso tsohuwa na raba ta da sallolinta don in sha kunya a gaban 'yan makaranta. Ga shi kuma ba ta ma ga komai ba.

Na daure na fara bayani. Na kira ɗalibai biyu suka haɗa wayoyin da hannunsu, na ce wa zauren su zuba ido a gindin dabinon. Na danna makunni. Injin ya yi ɗan gurnani ya yi shiru. Na sake dannawa, haka. Na duba wayoyin, lafiya lau. Na duba ma'auni, wutar da ke shigowa ba ta kai ta kawo ba, alhali ranar Badar a waje tana iya dafa ƙwai. Yara suka fara ƙus-ƙus. Wata mata cikin masu sana'ar dabino, wadda tun farko ta ce tana tunanin saka sola a gonarsu, ta naɗe hannu a ƙirji. Gumi ya jiƙa mini baya. Na ce su ba ni minti ɗaya, na fita da sauri ina cewa a raina duk yarinyar da na kama tana wasa da farantin nan yau za ta gane kurenta.

Ina zagayowa gindin tagar na tsaya cak.

Umma ce. Ta raɓe a jikin bango, ta ɗan karkata kai tana leƙe ta gefen labule, babban hijabin nan nata ya baje ya rufe farantin da inuwa. Ko lema ba ta da ita. Ta ji motsina ta juyo, muka kusa haɗa ido, ta yi maza ta mayar da kallonta kan bango.

“Wurin alwala nake nema,” in ji ta.

Famfunan alwala suna can ɗaya ɓangaren, ta gabansu ta wuce kafin ta iso nan. Duk faɗan da na ɗauko sai na ajiye shi gefe. Da ƙyar na ce, “Umma, inuwarki ce a kan abin. Sai rana ta same shi yake aiki.”

Ta dubi farantin, ta dubi hijabinta. Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta matsa gefe kaɗan, daidai yadda rana za ta sauka, amma ba ta bar tagar ba. Nan take muka ji injin ya tashi a ciki, sai ihun yara da tafi. Mu biyu muna tsaye a waje, ba wadda ta ga ɗigar ruwan.

Ta ce wa bangon, “To a koma mana. Mutane na jira.”

Na koma na ƙarasa. Ban san me na faɗa ba, amma na san duk bayanin da na yi da ƙarfi na yi shi, fuskata na wajen taga. Da aka tashi na kai ta maƙabartar shahidai ta yi ziyararta, muka yi azahar a wani ƙaramin masallaci a garin. Ba ta taɓa ta da zancen sallolin da suka yanke ba, ni ma ban tayar ba. Abin da kawai ta ce a hanyar dawowa, ga ƙanwata, shi ne, “Ashe abin ba ya son inuwa. Ki ce a riƙa sa mai gadi.”

Har yau ba ta kira sunana ba, kuma na daina jira. Na daɗe ina ganin wannan kunyar wani nauyi ne da ni ba zan ɗora wa 'ya'yana ba. 'Yata ta fari a nan aka haife ta, in na yi mata Hausa da Larabci take amsawa, sunanta kuwa ina kiransa har maƙwabta su ji. Bara makarantarsu ta yi ranar kimiyya, ta hau dandamali da ɗan abin da ta ƙera, malamarta ta nemi uwarta ta miƙe a gan ta. Ni da na sha alwashi, sai ga ni na sunkuyar da kai ina laluben jaka, ƙirjina ya cika har ba na iya ɗaga ido. Sai da matar da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, “Ba 'yarki ba ce?”

Na ce mata, “An ce dai haka.”