Indalecio da Ciyawar Tudu

Kafin mai gidan burodi ya fitar da gashin farko, Indalecio Ferre ya riga ya kurɓe kofinsa a tsaye, ya cusa guntun burodi mai man zaitun a aljihu, ya tayar da tsohon babur ɗin nan nasa da duk garin Lastrilla ya san tarinsa. Ba a taɓa ganin mutumin nan ya zauna ya gama cin abinci ba. Matarsa Nicasia ta ce ko ranar aurensu a coci ƙafarsa rawa take yi, idonsa na kan taga yana leƙen hadari. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana tsaron hurumin garinmu, wannan shimfiɗaɗɗen tudu na farin dutse da ke samanmu a nan arewacin Almeriya ta ƙasar Sifen, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kafa dirka a Tudu ya san abin da Indalecio yake tsaro. Kaurin ƙasar bai kai taƙi ba. Ka soka sanda, kafin ka danna ka ji ƙwas, ka iske dutse. A ɗan abin nan da ya maƙale cikin tsagogin dutsen ciyawa take kama saiwa, kuma da ita tumakin gari suke rayuwa. In ruwan farko ya sauka bayan dogon rani, tumaki masu yunwa ba sa tsinkar toho, tumɓuke shi suke yi da saiwa da ƙasa, kofato ya tattake sauran, iska ta zo ta share. Wurin da ya zama faƙo a nan, faƙo jikokinka za su tarar.

Don haka ruwa na sauka yake rufe Tudu. Babu shinge, babu ƙofa, shi ne kawai a bakin burtali da hularsa. Kowace safiya sai ya durƙusa ya kama toho da yatsu biyu ya ja. In ya tsinke, saiwa ta kama, a saki tumaki. In ya fito da ƙasa a gindinsa, sai ya mayar da shi ramin, ya danna da babban yatsa, ya miƙe ya ce, "Ba yau ba."

Zagi kam ya sha shi. A shagon Torcuato, inda makiyaya ke taruwa shan kofi da buga kati, da ya shigo za ka ji an ce, "Ga mijin ciyawa nan! Yaya amarya, ta yarda mu gan ta?" Shi kuwa ko kujera ba ya ja. "Ta ce in gaishe ku, ta ce bakinku wari yake." A yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don kowa yana da garke a gida yana kuka. Wani makiyayi, Fulgencio, ya rantse ya gan shi bayan wata ambaliya yana kwasar laka daga kwazazzabo da bokiti, yana hawa da ita yana zubawa a tsagogin dutse, har rana ta raba. Ya ce masa, "Kawu, ka haukace ne?" Indalecio ya ce, "Daga can sama ta gangaro. Gida nake mayar da ita."

Kai ne, Indalecio, ka yarda a tsane ka don wasu su ci. Kai ne ka tare manyan motoci biyu cike da tumakin wani attajiri da aka kawo daga wani lardi, ka jingine babur a tsakiyar hanya kana fasa ƙwallon almon da dutse kana ci har direbobin suka gaji suka juya. Wannan duk mun ba da labarinsa muna tafawa. Akwai wanda ba ma son bayarwa, kuma shi ne ya fi duka nauyi.

Shekarar babban fari, sama ta kusan shekara biyu ba ta ce komai ba. Tumaki sun zama ƙashi da fata. Da ruwa ya zo daga ƙarshe, Tudu ya yi ɗan kore-kore, wadda ta fara koro garke da asuba ita ce Bibiana, ƙanwar Indalecio uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya rasu, tumakin kuma na gadon ubansu ne. Makiyaya kusan goma suka biyo ta a baya da nasu garkunan, suka tsaya nesa kaɗan suna kallo. Kowa ya san abin da suke jira: in ta wuce, duk sun wuce.

"Yaya, matsa," ta ce.

Ya durƙusa ya ja toho. Ya fito da ƙasa.

"Bibi, dubi. Ki ba ni ɗan lokaci."

"Lokaci? Ka dube su! Waccan mai ƙararrawa jikar tunkiyar Baba ce, kai ka karɓi haihuwarta. Jiya uku na binne. Ciyawa ka goya ko ni ce ka goya?"

"In na bar ki, baɗi babu Tudu. Ba naki, ba na kowa."

"To ka ci Tudun. Ranar da ka mutu shi zai yi maka kuka."

Ta juya garken da hannunta, ba ta ko kira kare ba. Kafin saiwa ta kama, rabin tumakin sun faɗi, sauran ta sayar wa mahauci a wulaƙance. Ta koma bakin teku tana tsinkar tumatir a gonakin rumfar leda, mace mai shekara hamsin da ba ta taɓa yi wa kowa aiki ba. Tudu ya rayu, garkunan wasu suka farfaɗo a kansa, har da na waɗanda suka tsaya kallo. Ita kuwa shekara bakwai ba ta ce wa yayanta uffan ba. In sun haɗu a jana'iza sai ta koma ɗaya gefen cocin. Ni dai na ce ya yi daidai, kuma na ce abin da ya same ta ba daidai ba ne, kuma har yau ban san yadda zan haɗa biyun ba. Nicasia ta ce tun daga shekarar nan ya daina iya tsayuwa wuri ɗaya ko da a tsaye.

Ranar Lahadin da ta wuce ƙungiyar makiyaya ta yanka rago a shagon Torcuato don yi masa ban kwana. Aka ci, aka sha, aka yabe shi da bakunan da suka zage shi. Sai shugaban ƙungiya ya tambaya ko wa zai gaje shi. Kowa ya sunkuyar da kai. A dokar garinmu mai tsaron Tudu ba ya mallakar ko tunkiya ɗaya, don kada ya yi son kai, kuma babu wanda ya shirya rabuwa da garkensa don ya sayi baƙin jini. Indalecio yana ta kai da komo tsakanin ƙofa da taga. Shi ma duk rayuwarsa dokar nan ta hana shi kiwo, sai a satin nan ya sayi 'yan tumaki na tsufa, yana ta ɗoki kamar yaro.

Daga can baya, kusa da ƙofa, aka ce, "Ni zan karɓa."

Bibiana ce. Babu wanda ya ga shigowarta.

"Ni kaɗai ce a garin nan ba ni da tunkiya, kuma duk kun san dalili. Kunya kuma ba na jin ta kowa, na koyi wannan a gida." Sai ta juyo ta dube shi, karon farko cikin shekara bakwai. "An ce ka sayi tumaki, Yaya."

"Na saya."

"To ka ji da kyau. Ruwan farko na sauka, naka zan fara kora daga bakin Tudu."

Indalecio ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita, kafaɗunsa suna rawa, ba a san ko dariya ce ko kuka ba. Torcuato ya ce duka biyun ne.

Mun gode, Indalecio, garkuwar ƙasa mai ƙarancin gata. Mun gode da abin da ka hana mu, da abin da hanin ya ci maka. Ku kuma matasan Lastrilla da kuka sunkuyar da kai ranar Lahadi, ku ɗago ku dubi mutanen nan biyu, don wata rana Bibiana ma gwiwarta za ta gaji, kuma dole wani ya yarda a ƙi shi. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas tun shekaranjiya. In ya sauka, ku fito da sassafe ku ga tsoho da 'yan tumakinsa a bakin burtali, yana jiran ƙanwarsa ta durƙusa ta ja ciyawa ta faɗa masa ko yau ne.