Mai Tsayuwa a Gefen Hoto

Yayana mai ɗaukar hoto ne tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Unguwa kaf "Gyara-Tsayuwa" ake kiransa, don ba ya danna kyamara sai ya miƙe maka wuyan riga, ya ɗaga maka haɓa, ya ja da baya yana kaɗa kai. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: labule mai zanen teku, kujerar roba, da wata kwamfuta da in ta ɗauki zafi sai an yi mata fifita da kwali.

Da autansa ya tafi aiki wata ƙasa, sai yaron ya buɗe wa dangi shafi a intanet, ya ce duk taron da aka yi a ɗora masa hoto. Shafin kuwa ba ya karɓar hoto mai nauyi. A iya sanin Yaya, abin da ya yi nauyi sauke masa kaya ake yi. Sai ya dinga yanke hoton ta gefe da gefe har ya shige. Duk wanda ya tsaya a ƙarshen layi, sai dai wani ba shi ba.

Dangi ba su daɗe ba suka gano. Da an ce hoto, sai ka ga dattawa suna ture juna, kowa na neman tsakiya. Ni kam gwiwar hannuna ta san aikinta. Matar Yaya ce kaɗai ba ta shiga turmutsitsin. Kullum a makare take fitowa daga kicin, tana goge hannu da zane, ta raɓa a gefe. Kullum kuma ita yankan yake ci.

Rannan autan ya kira ni a waya. "Gwaggo, don Allah ki gaya mini gaskiya. Me ya sami Umma? Suna, biki, ba ta cikin ko ɗaya. In na tambaye ta sai ta ce lafiya lau, kin san ta da ɓoye ciwo."

Na yi dariya har na ƙware, sannan tausayin yaron ya kama ni. Na yafa mayafi sai shago.

"Yaya, ka yanke matarka daga dangi!"

"Ni? Shafin ne ya ƙi karɓa."

"Ɗanka yana can ya ɗauka tana kwance asibiti."

Ya buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya dafe kai. A wani ma gefen zanenta kawai ya tsira.

Na nuna masa yadda muke yi a ofis: ba a cire kowa, tsawo da faɗi ake ragewa tare, a ɗan sassauta kaifin hoton. Ya kafa tabarau a fuskar kwamfutar. "Idon mutane ba zai dushe ba?" Ya gwada, ya leƙa idon kowa, sannan ya yarda. Allah ya taimaka, Yaya ba ya goge na asali. Yinin ranar bai karɓi kowa ba, ya zauna yana mayar da ita cikin hotuna yana sake ɗora su a shafin, ni ina yi wa kwamfutar fifita.

Muna shiga gidan Yaya da la'asar wayata ta yi ƙara. Autan ne, ya ga sababbin hotunan. "Gwaggo, ba ni ita."

Ummansa ta karɓa da hannu duk kumfar sabulu, ta saurara, sai ta fashe da dariya, idonta cike da hawaye.

"Kai, kuka kake yi da girmanka? Ai ina nan tun da can. A gefe nake tsayawa."