Jarumin da Na Kashe a Jarida

Ban taɓa jin ƙyashin wani mutum kamar yadda na ji na abokin aikina na teburin gefe ba, kuma har yau da furfura ta cika mini kai ƙyashin nan bai sake ni ba.

A tsakiyar shekarun tamanin muna aiki a wata ƙaramar jaridar Hausa mai fitowa duk Juma'a, ofishinmu ɗakuna biyu a saman wani shagon tela a Tudun Wada, Kaduna. Shekara uku ni kaɗai ke rubuta sharhin finafinai. Sai edita ya ɗauko wani mutumin Filato, Kirista, mazaunin Mahuta, ya raba mana shafin gida biyu. Mutum ne mai sanyin magana, kullum da rigarsa a goge, ba ya faɗa da kowa. Wannan ma kaɗai ya isa ya ba ni haushi.

Ga inda matsalar take. Ni sai an fara nuna fim a silima nake zuwa in kalla, in rubuta, ya fito mako na gaba, lokacin rabin gari sun riga sun gani. Shi kuwa nasa sharhin yakan fito ranar da za a fara nuna fim ɗin. Ma'aikatan masaƙa na Kakuri sai su sayi jarida da safe don su san ko fim ɗin Indiyan da ya zo ya cancanci tafiya. Wasiƙun masu karatu suka koma teburinsa. Ni nake karɓo su daga hannun mai kawo wasiƙa, in duba bayan kowace ambulan, in ajiye masa ina murmushin dole.

Na yanke wa kaina hukunci cewa kaset ɗin sata yake kallo. Lokacin bidiyo ya fara shiga gidajen masu hali, kuma ana kwafar finafinai a ɓoye kafin su iso silima. Sau biyu na rubuta a shafina cewa wannan sana'a za ta kashe gidajen silima, kuma ɗan jaridar da ya taɓa ta ya zubar da mutuncin alƙalaminsa. Da shi nake, kowa a ofis ya sani. Na kuma kai wa edita gulmar a fakaice. Ya tambaye ni ko na gani da idona, na ce a'a, ya ci gaba da karatunsa.

Ana nan takardar ɗab'i ta yi wuya, aka ce za a rage shafuna. Edita ya kira mu ya ce daga sabuwar shekara mutum ɗaya ne zai riƙe sharhin fim, ɗayan ya koma rahoton kotu. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Asabar ɗin da ta biyo na sami kaina a shagon wani Alhaji mai sayar da rediyo, wanda aka ce akwai kaset a bayan labulensa. Ya ɗauko mini wani fim da sai bayan mako biyu za a fara nuna shi a Kaduna, an rubuta sunansa da biro a jikin kwalin. Na cusa shi cikin aljihun babbar riga kamar wanda ya sato kaza, na nufi gidan surukina a Unguwar Sanusi, shi ke da bidiyo. Hoton dishi-dishi, murya na rawa, amma na zauna da littafina a cinya. Bayan awa uku cif aka harbi jarumin, ya faɗi a cinyar uwarsa, ya rufe ido. Sai hoton ya ɗauke, injin ya tsaya. Ban ga rubutun ƙarshe ba, amma na ce ai kayan sata ne, ba a rasa ɗan guntulewa.

Ban taɓa rubutu mai kyau kamar na wannan makon ba. Na ce a ƙarshe an sami masu shirya fim da suka yi ƙarfin halin barin jarumi ya mutu, ba waƙar biki, ba rawar fure. Na ce duk mai zuwa ya tafi da hankici.

Ranar Laraba abokin aikina ya ga rubutun a wurin masu gyara. Ya karanta a tsaye, ya zo ya dafa teburina.

"Malam, ka bar wannan zuwa mako mai zuwa. Don Allah."

Wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Yau ga shi shi ma yana jin abin da na daɗe ina ji. Na ce masa kowa da mutanensa a garin nan. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na miƙe na fita shan shayi.

Da aka fara nuna fim ɗin na je na zauna a tsakiya, inda za a gan ni. Aka harbi jarumi, ya rufe ido, na gyara zama. Sai aka canza faifai. Ga asibiti, ga jarumi ya buɗe ido. Ya tashi ya yi wa bos dukan kawo wuƙa, aka ɗaura aure, aka yi waƙa a cikin furanni. Kaset ɗin Alhaji awa uku yake ci, fim ɗin kuwa ya fi haka da kusan rabin awa. Wani a bayana ya tambayi abokinsa ina ɗan jaridar nan da ya kashe akta, layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Na zame cikin kujera har aka watse.

Ranar Litinin edita bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni inda na kalli fim ɗin, na faɗi gaskiya. Ya jawo durowa ya fito da tsofaffin rubuce-rubucena biyu a kan kaset ɗin sata, ya ajiye su a gabana, ya ce in shirya gyara da neman afuwa, kuma kotun majistare ƙarfe tara take zama.

A bakin matakala na tarar da abokin aikina. Tunda na riga na rasa komai, na tambaye shi wane shago yake sayen nasa. Ya ce bai taɓa mallakar bidiyo ba. Mai kunna injin silima cocinsu ɗaya, kuma duk fim ɗin da ya iso sai mutumin ya juya faya-fayan da rana a ɗakin inji, yana haska su a bango don ya ga inda suka tsinke ya liƙa. Shi kuma sai ya zauna a benci cikin zafin nan ya kalla, da sanin manaja. Akwai ma watan da manajan ya hana abokin aikin nawa shiga saboda ya kushe wani fim, shi kuwa bai janye rubutunsa ba.

"Da ka tambaye ni da tuni mun tafi tare," in ji shi. "Bencin na cin mutum biyu."

Shekara shida na yi ina rahoton ɓarayin awaki, duk Juma'a ina buɗe shafinsa da jan biro ina neman kuskure. Da ma a ce gatse ya yi mini a matakalar nan, da na sami abin riƙewa. Amma na san fuskarsa, da gaske yake.