Baba Shekari da Tokar Wake

Shekara talatin da ɗaya Baba Shekari ya yi yana wanke kwalaben gwaji a wata makarantar sakandare a Kakuri, ba a taɓa miƙa masa alli ba. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Kaduna neman aikin masaƙa, bai samu ba, ya ƙare da tsumma da bokiti. Amma kunnensa a buɗe yake. Daga bayan aji ya ji labarin manyan masanan kimiyya: wanda ya ƙi yarda da maganar magabata sai da ya saki duwatsu biyu daga sama ya ga saukarsu da idonsa, da wanda ya shafe shekaru a lambu yana ƙirga ƙwayoyin wake. Ɗalibai sukan haddace, su zuba a jarrabawa, su manta. Shi kuwa abin ya zauna masa daram.

Ya yi ritaya daidai lokacin da soja ke haramar komawa bariki, gari ya cika da fastoci, zaɓe yau zaɓe gobe. Sai ya kwaso kimiyyarsa ya kawo gida Nasarawa, unguwa ta shiga uku. Ka ce masa yau akwai zafi, ya ce, "Ka auna?" Ya ajiye gwangwanin madara a kan katanga don auna ruwan sama, kajin maƙwabta suna shanye masa rabin sakamakon. Mutane suka laƙaba masa Farfesa. Ya san da zolaya a ciki, amma wallahi yana son sunan nan, don shi ne kaɗai girman da ya taɓa samu a duniya.

Da kaka suka kwaso wake daga gonarsu ta Kakau. Matarsa Hannatu ta shanya, ta tankaɗe toka ta cuɗa da shi kamar yadda ta saba. A majalisar ƙofar shagon Malam Mamman tela, Baba Shekari ya buɗe baki ya ce toka camfin mata ne kawai, zafin rana ne ke kashe ƙwari.

"To Farfesa," in ji Malam Mamman, "ai mulkin farar hula za a shiga. A kaɗa ƙuri'a mana, toka ko rana."

"Ƙwari ba sa zuwa rumfar zaɓe, Malam. Gwadawa za a yi."

Ya samo tukwane biyu iri ɗaya, ya zuba shanyayyen wake mudu uku-uku, ɗaya da toka, ɗaya babu. Ya ɗaure bakinsu da ƙyalle, ya rubuta kwanan wata, ya ce bayan wata uku za a buɗe a gaban kowa. 

Ranar da za a buɗe, da safe Hannatu ta tafi zumuntar mata a coci. Baba Shekari ya kasa haƙuri, ya leƙa tasa tukunyar marar toka.  Ƙwari sun yi biki, kowane wake da tagoginsa, gari ya taru a gindi. Ya leƙa mai tokar, lafiya lau.

Ga buhun waken Hannatu nan a jingine, gidan ba kowa. In ya ɗebi mudu uku, ya kakkaɓe tokar, ya wanke, ya shanya kafin azahar, ya musanya da na tukunyarsa, wa zai sani? Har ya cika mudun farko. Ya tsaya da shi a hannu, kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Mutanen nan da yake ambato dare da rana, abin da ya burge shi game da su shi ne in ido ya ƙaryata su, sukan bi ido. Ya mayar da waken buhu.

Da la'asar majalisa ta cika, har da masu wucewa. Ya kwance ƙyallen da kansa, ya juye tukwanen a faifai biyu. Aka fashe da dariya, Malam Mamman har da riƙe ciki. Baba Shekari ya jira aka lafa, sannan ya cire hularsa.

"Jama'a, na yi kuskure. Matata, Maman Vivian, ce ke da gaskiya."

Shekara talatin da huɗu da aurensu, Hannatu ba ta taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba. Ta gyara ɗankwali, ta ce, "Baban Vivian, sake faɗa, na baya ba su ji ba."

Ya sake faɗa, da ƙarfi.

Da jama'a suka watse, ya same ta a madafa tana tsince abin da ƙwari suka rage don kaji. Ya tambaye ta a hankali yadda aka yi ta sani.

"Kakata ta gwada, uwata ta gwada. Ni ma kowace shekara a gabanka nake yi, kai kake cin alalar. Kullum kana cewa a duba, a duba. Ni ce dai ba ka taɓa dubawa ba."

 Baba Shekari ya jawo kujerar tsugunne ya zauna kusa da ita, ya ce ta nuna masa yawan tokar da ake zubawa.