Ƙarfen da Bai Lanƙwashe Ba

Autanmu ne ya kawo mana masifar tseren mota cikin gida. A lokacin wasu samarin Garwa sun samu wani fili a bayan gari, duk Lahadi suna taruwa suna gudu da tsofaffin motoci, wai su 'yan rali. Shi ma ya je ya kwaso wata akwala, ya fasa mata salansa don ta riƙa ihu, ya ce ya shiga sahu.

Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, ko a jikinsa. Da ta gaji sai ta kafa masa sharaɗi. Ta ji ana kafa wani ƙarfe a cikin motar tsere, wanda yake tokare rufi idan mota ta kife don kada ya danne direba. Arso suke ce masa, da Faransanci. Ta ce ya sa shi, in ba haka ba, ba da yawunta ba. Ni ce babba, don haka ta haɗa shi da ni, saboda ta san halin ɗanta.

Muka fara zuwa wani gareji inda ake da na gaskiya, wanda aka ciro daga wata motar tsere ta Duwala. Ba shi da kyan gani, wannan kam ban musa ba. Baƙi ne, mai kauri, an gicciya masa wani ƙarfen daga kusurwa zuwa kusurwa, kowace ƙafa kuma tana zaune a kan faranti mai faɗi kamar faifai. Abokansa uku suna biye da mu, irin waɗanda ba su taɓa riƙe sitiyari ba amma sun fi kowa sanin mota. Autan ya zagaya ƙarfen yana yatsine.

"Adda, wannan ai turken shanu ne," in ji shi. "Kuma in ya tare kujerar baya, ina mutanena za su zauna in mun fita gari?"

Mutanensa suka gyaɗa kai. To, ai dole, kujerarsu ake magana.

Daga nan suka ja mu unguwar Jambutu, wurin mai waldar da yake yi wa amare gadon ƙarfe da ƙofofin gida. Ba na raina masa sana'a, gadona ma shi ya yi. Amma ko da ya ji abin da ake so bai ce bai taɓa yi ba, sai ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ya lanƙwasa bututu, ya fesa masa jan fenti, har da 'yan furannin ƙarfe a kusurwa irin na ƙofar alhazai. Na ce saura labule da filo.

Sai aka zo gwaji. A wurinmu duk abin da aka yi da ƙarfe, gado ne ko lilo, gwajinsa ɗaya ne: a nemo mafi ƙiba ya hau. Suka tsayar da shi a kan simintin shago, ƙaton cikinsu ya rataya yana lilo, sauran biyun suka ɗafe, ana ɗaukar hoto a waya. Ƙarfe bai motsa ba. Aka tafa, aka sara wa mai walda. Sannan ya shigar da shi mota, ya ɗora bakin bututun tsirara a kan siririn kwanon ƙasan motar, ya ɗiga walda.

Na sunkuya na danna kwanon da yatsa, yana lotsawa. Na ce wa autan ko gado ne a ɗakin ƙasa, sai mun sa masa dutse ko murfin gwangwani a ƙarƙashin ƙafa, in ba haka ba nutsewa yake yi.

"Adda, mota ce fa, ba ɗakin amarya ba."

Suka kwashe da dariya, har da mai yin gadon amaren. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dawo na zayyana wa Inna komai, ta kira shi. Ya zo da ƙaton nan a matsayin shaida, suka nuna mata hoton ƙarti uku a rataye. Ƙarfe ta ce a sa, ga kuma ƙarfe ta gani. Ta sa masa albarka.

Farkon damina abin ya faru. Ya shiga kwana da gudu, taya ta kama laka, motar ta wuntsila ta faɗi a kan rufinta. Ƙafafun ƙarfen suka huda kwanon ƙasa suka fita waje kamar ƙusa a jikin kabewa, rufin ya sauko masa a wuya.

A asibiti, yana kwance ba ya iya ɗaga hannu, abokan nan suka zo da ledar ayaba. A gabana ƙaton yake gaya wa masu dubiya cewa sun duba motar, wallahi ƙarfen ko lanƙwasa bai yi ba. Da alfahari yake faɗa. Kuma gaskiyarsa ne, ƙarfen lafiyarsa ƙalau, ko furen nan ɗaya bai cire ba. Na miƙa masa ayabarsa na nuna masa ƙofa.

Da aka sallame shi, likita ya ce a sama masa abin da zai riƙa dafawa yana koyon tsayuwa. Inna ce ta aika aka ɗauko ƙarfen. Ta sa aka haƙa ramuka a tsakar gida, ita da kanta ta zaɓo duwatsu masu faɗi ta jera a ƙarƙashin kowace ƙafa, aka zuba siminti.

Yana nan har yau. Jan fentin ya goge a inda hannuwan autan suke kamawa. In an kira shi, da dukan jikinsa yake juyowa. Jiya ya tako daga wannan ƙafar ƙarfen zuwa waccan bai kira ni in tallabe shi ba, Inna ta tashi ta shige ɗaki don kada ya ga fuskarta.